Amsar da Ta Shigo ta Taga

Akwai wata mata da 'yan gidansu ke kira Lauya, ko da yake ba ta taɓa karanta shari'a ba. Bakinta ne ya jawo mata sunan. Tun tana ƙarama, idan aka fasa kofi a gidan, kafin Umma ta gama tambayar wanda ya fasa, Lauya ta riga ta kawo mai laifi, ta kawo shaidu, ta yanke hukunci.

Da ta girma sai ta samu aikin da ya yi daidai da halinta, a teburin karɓar ƙorafi na wani kamfanin waya. Mutum zai zauna a gabanta ya fara, "Jiya da na saka kati..."

Sai ta tare shi: "Bai shiga ba, ko? Kawo wayar."

Kafin ya gyara zama ta sallame shi. Shugabanta yana yabonta a gaban kowa, yana cewa layinta ne kaɗai ba ya tsawo. Ita ma ta yarda cewa Allah ya yi mata baiwar sanin abin da mutum zai faɗa tun bai faɗa ba.

Tana da ƙane, autan gidan, kowa Auta yake ce masa. Auta yana da in'ina. Idan kalma ta maƙale masa, sai idonsa ya rufe, jijiyar wuyansa ta tashi, ya yi ta kokawa da harafin farko kamar mai tura mota ta hau tudu.

Lauya ta ba shi shekaru masu yawa, kusan ita ta goya shi. Ranar da ta fara jin wani yaron unguwa yana kwaikwayonsa, sai da aka ɓamɓare ta daga jikin yaron. Daga wannan rana ta ɗauki alkawari a ranta cewa ba za ta sake bari a ga ƙanenta yana wahala da magana ba.

Haka ta zama bakinsa. A kanti ita ke faɗin abin da zai saya. A wajen aski ita ke faɗin irin askin. A asibiti likita ya tambaye shi inda ke masa ciwo, ita ce ke dafa cikinta tana kwatance. Mutane suna cewa, "Kai, yaron nan ya yi dace da yaya." Ita kuma tana jin daɗin hakan har cikin ranta.

Abin da Auta ya fi so a duniya shi ne barandar gidansu da yamma. Yaran maƙwabta sukan taru a nan da jakunkunansu, ya taya su aikin gida. Yana yanka kwali, yana naɗe takarda, yana jera murafun kwalba a ƙasa don ya nuna musu lissafi. Lauya takan dawo daga aiki ta tsallake takalman yaran ta shige ciki. Ba ta taɓa tsayawa ta saurara ba. A wajenta, Auta yana rage zaman banza ne kawai.

Da ya gama sakandare, wata safiya suna karyawa, Baba ya ajiye kofinsa ya dube shi.

"To, Auta, me za ka karanta?"

"Gyaran kwamfuta," in ji Lauya. "Na riga na yi magana da wani a wajen aikinmu."

"Ke aka tambaya?" Umma ta ce. "Ki bari ya faɗa da bakinsa mana."

Auta ya sunkuyar da kai, ya ja numfashi. "M-m-malami nake so in zama."

Lauya ta yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa yaro ce idan ya ce zai tuƙa jirgi gobe. Amma dariya ce, kuma kowa ya ji ta.

"Auta, koyarwa aikin baki ne. Yara ba su da tausayi, ni na sani, ni na sha faɗa da su a kanka. Ka je inda za ka zauna kai da na'ura. Kwamfuta ba ta yi wa mutum dariya."

"Ke da za ki zaɓi naki aikin, wa ya zaɓa miki?" Baba ya tambaye ta.

"Ni ai daban, Baba. Ni ina da bakin."

"To kotu ta tashi, Lauya. Yaro ya faɗi abin da yake so."

Auta ya nemi gurbi a kwalejin horar da malamai. Ya ci jarrabawar rubutu, aka kira shi gwaji na biyu, wanda shi ne mai wuyar. A wannan gwajin kowane mai neman gurbi zai tsaya gaban aji na gaske, a makarantar firamare da ke cikin kwalejin, ya koyar da ɗan gajeren darasi, masu tantancewa suna zaune a baya suna kallo. Wanda ya faɗi sai ya jira wata shekarar.

Lauya ta ɗauki hutu daga wajen aiki don ta raka shi.

"Yaya, b-ba sai kin je ba," ya ce mata.

"Wa zai yi maka magana a ƙofa? Sa takalminka mu tafi."

A ƙofar kwalejin mai gadi ya tambayi Auta wajen wa ya zo, ita ta amsa. A teburin rajista aka tambayi sunansa, ita ta faɗa. Daga nan wani jami'i ya tara 'yan rakiya a ƙarƙashin rumfa ya yi musu bayani: kowa ya zauna a nan, kuma duk wanda aka taimaka wa daga waje, an soke gwajinsa. Lauya ta ji shi sarai. Ta ɗauka da masu satar amsa yake.

Da aka kira Auta, zama ya gagare ta. Ta tashi kamar mai neman wurin amsa waya, ta bi bayan ginin, ta raɓe a gefen tagar ajin. Daga nan tana ganin gefen fuskarsa, da allo, da yara a jere, da masu tantancewa uku a baya. Ta tsakiyarsu dattijuwa ce mai tabarau, ita ce shugabarsu.

Auta ya yi gaisuwa, gaisuwar ta maƙale. Yara biyu a baya suka toshe baki. Lauya ta dunƙule hannu.

Sai ta ji ya ce, "Yara, b-bakina yana da birki. Idan ya taka, ku jira, zai tashi."

Ajin ya kwashe da dariya, shi ma yana dariya. Lauya ta yi mamaki. Ba ta san ƙanenta yana da barkwanci ba.

Ya ɗauko takarda ya ɗaga. Ya naɗe ta biyu, ya buɗe, ya nuna musu layin tsakiya. Yara suka ce, "Rabi!" Ya jinjina musu. Ya sake naɗewa, ya kuma naɗewa, ya buɗe a hankali.

"To yanzu," ya ce, yana nuna ɓangare ɗaya da yatsa, "wannan ɗin ya zama..."

Ya yi shiru.

Ajin ya yi tsit. Auta yana tsaye, yatsansa a kan takarda, bakinsa a rufe. Shirun ya ƙara tsawo. Lauya ta ga dattijuwar ta ɗaga biro za ta rubuta wani abu. A ranta ta ce, shi ke nan, ya maƙale, za su kayar da shi.

Ba ta san lokacin da ta leƙa kai ta tagar ba.

"Ɗaya bisa huɗu!"

Muryar teburin ƙorafi ce, wadda ake ji har bakin ƙofa. Duk ajin ya juyo. Wani yaro ya miƙe ya nuna ta.

"Malam, mamarka ta ci!"

Dariya ta ɓarke, wasu har da buga tebur. A cikin hayaniyar Lauya ta lura da wata ƙaramar yarinya a layin gaba. Hannunta yana sama, bai kai ga miƙewa sosai ba, irin na mai tsoron kada ta yi kuskure. Yarinyar ta dubi taga, ta sauke hannun a hankali, ta saka shi ƙarƙashin tebur.

Auta ya juyo ya ga yayarsa. Ya buɗe baki zai ci gaba da darasin, sai idonsa ya rufe, jijiyar wuyansa ta tashi. Wannan karon ya maƙale da gaske. Ya gwada, ya sake gwadawa. Har lokacinsa ya ƙare bai haɗa jimla ɗaya ba.

Aka fitar da yara, aka shigo da Lauya. Dattijuwar ta cire tabarau ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Baiwar Allah, ke aji nawa kike?"

"Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. Ƙanena ne. Yana da in'ina, na ga ya maƙale ne, shi ya sa na ɗan..."

"Bai maƙale ba."

"Wallahi ya maƙale, ni na san shi tun..."

"Ki saurare ni. Tambaya ya yi wa yara. Ya bar jimlar a buɗe don su ƙarasa, haka malamai ke yi. Mu nan mun gane. Yaran sun gane. Yarinyar da ke gaba ta gane, malamarta ta ce ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba sai yau. Ke kaɗai ce ba ki gane ba, ke da kika san shi tun yana ƙarami."

Lauya ta sunkuyar da kai.

"Na ga kin ɗaga biro..."

"Maki zan ba shi. Mafi yawan masu zuwa nan ba sa iya jiran yaro ya yi tunani. Su yi tambaya, su amsa da kansu, su wuce. Ƙanenki ya iya jira. Wannan shirun shi ne abu mafi kyau da na gani tun safe."

"To don Allah a sake ba shi dama. Laifina ne, ba nasa ba. Ni a hukunta ni."

"Ke ba ki nemi gurbi ba, da me zan hukunta ki? An faɗa muku ƙa'ida a rumfa. Idan na karya masa, me zan ce wa sauran da ke jira a waje?" Ta juya wajen Auta, muryarta ta yi laushi. "Ɗana, ka dawo baɗi. Ina so in ga ƙarshen darasin nan."

A motar komawa gida Lauya tana ta shirya magana a ranta tana rushewa. Duk wanda ya dube ta a motar sai ta ji kamar yana cikin ajin nan.

Suna shiga gida Umma ta taso daga kicin. "Yaya aka yi?"

Karo na farko a tarihin gidan, aka yi tambaya Lauya ba ta amsa ba. Ta tsaya tana kallon ƙasa.

"B-ban samu ba, Umma," in ji Auta. "Sai baɗi."

Ya shige ɗakinsa. Bai ambaci taga ba. Wannan rufin asirin ya fi yi wa Lauya ciwo fiye da a ce ya zage ta. Da yamma ta samu Umma da Baba a falo ta faɗa musu komai da kanta. Umma ta riƙe haɓa. Baba ya daɗe yana kallonta.

"Shekara guda kika cinye masa da kalma uku," ya ce. Bai ɗaga murya ba.

Makonnin da suka biyo baya, Lauya ta zama baƙuwa a gidansu. Idan ta dawo aiki ta hango takalman yara a baranda, sai ta zagaya ta ƙofar baya. Idan maƙwabta suka tambaye ta labarin karatun Auta, sai ta ce tana sauri. Sunan Lauya ma, idan aka kira ta da shi, ji take kamar zagi.

Har a wajen aiki abin ya bi ta. Wani tsoho ya zauna a gabanta ya fara, "Wayar nan tun da..." ta ce, "Ba ta kama layi, ko?" Ya dube ta ya ce, "'Yata, ki bari in gama mana. Ta matata ce, ta rasu, so nake a bar min lambar kada a rufe." Ta ba shi haƙuri, ta yi masa aikin, sannan ta shiga bayi ta daɗe ba ta fito ba. Tana ta tunanin mutum nawa ta sallama da amsar tambayar da ba su yi ba.

Wata ranar hutu ta zauna a falo kusa da ƙofar baranda, inda yara ba za su gan ta ba, ta saurari darasin Auta daga farko har ƙarshe. Ta ji ya maƙale, yara suka jira. Ta ji ya yi tambaya ya yi shiru, yara suka yi ta gardama har suka gano amsar da kansu. A ranar ta fara jin bambancin shirun guda biyu. Bambancin a fili yake, ko yaro ɗan aji biyu ya san shi.

Da yaran suka watse ta fito. Yana tattara murafun kwalba a cikin gwangwani.

"Auta, ka yafe min."

Ya ci gaba da tattarawa. Can ya zauna a kan dakali ya ce, "Yaya, zan yi m-magana. Za ta yi tsawo."

"Ina jinka."

Ta zauna, ta danne tafukanta a tsakanin gwiwoyi.

"Dariyar yara b-ba ta damuna. Yaro ya yi dariya yau, gobe ya saba. Abin da ke d-d-damuna..." Idonsa ya rufe. Kalmomi uku suka zo bakin Lauya a guje, kowace tana neman fita. Ta cije leɓe. "...shi ne ke. Duk lokacin da kika ƙarasa min magana, ji nake kina cewa b-ba zan iya ba. Kuma na yarda da ke. Na daɗe da yarda da ke. A barandar nan kaɗai nake mantawa, s-saboda ba kya nan."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Na san so ne," ya ce. "Shi ya sa na kasa faɗa miki." Ya ɗan yi murmushi. "Kin san ma b-ba na son madara a shayi?"

"Kai? Ai kullum da madara kake sha!"

"Ke kika ce ina so. Gyara miki ya fi shan m-madarar wahala."

Dariya ta kufce mata a cikin kuka, kunya ta sake rufe ta.

"Baɗi zan koma," ya ce. "Ni kaɗai."

"Idan kuma suka..." Ta kama bakinta.

"Idan sun ƙi ni, su ƙi ni d-don abin da na yi da kaina. Wannan zan iya ɗauka."

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Abokan Auta suka tafi makarantu suka bar shi a unguwa. Wata ƙaramar makaranta ta ɗauke shi yana taya malamar aji ɗaya. Lauya kuwa tana koyon abin da bai taɓa zama halinta ba. Wani lokaci ta yi nasara, wani lokaci kalma ta kufce mata a gaban mai kanti, Auta ya dube ta, ta ce, "Na janye." Layinta a wajen aiki ya fara tsawo, shugabanta ya daina yabonta a gaban mutane.

Ranar gwaji ta zagayo. Auta ya goge rigarsa da kansa, ya ɗauki takardunsa ya fita. Lauya ta tafi aiki. Tun safe take duba wayarta a ƙarƙashin tebur.

Bayan azahar wayar ta yi ƙara. Akwai wata mata zaune a gabanta, da mutane a bayanta. Ta ce, "Don Allah ki ɗan yi min haƙuri," ta ɗauka.

"Yaya."

"Na'am, Auta."

"Sun... s-s-sun..."

Shiru. Tana jin numfashinsa, tana jin ƙarar motoci a bayansa. Ba ta san ko albishir ne ko akasinsa ba, kuma duk jikinta yana so ta tambaya. Matar da ke gabanta ta fara buga yatsu a tebur. Wani a layi ya ce, "Malama, mu ma fa muna da abin yi." Shugabanta ya leƙo daga ofis. Lauya ta toshe bakinta da tafin hannu, ta rufe ido, ta jira.

"Sun ɗauke ni."

Ta kifa kai a kan tebur. Da ta ɗago ta ce, "Alhamdulillahi! Bari in kira Umma yanzu in..."

"A'a, Yaya. Ni zan faɗa mata."

"To," ta ce. "Kai za ka faɗa mata."

Darasi: Kada ka zaɓa wa mutum karatu ko sana'a da abin da ka ga ya rasa, ka duba abin da yake so da abin da yake yi da kyau idan ba ka wurin. Mai yawan magana ba shi kaɗai ne mai ƙarfin gwiwa ba, kuma taimakon da ya hana ɗanka ko ƙanenka gwada kansa yana karya masa zuciya fiye da dariyar bare. Idan ka tambaye shi me yake so ya zama, ka rufe bakinka har ya gama. Ku tura wannan ga iyaye da yayye da malamai, musamman masu irin son da ba ya iya yin shiru.